Ƙwaryar Saude Tana Ɗakina

Zuwa ga Goggo Adama, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki, ki gafarce ni da zan ɗora miki nauyin karanta wannan doguwar wasiƙa. Na san masu rubuto miki damuwarsu ta fi tawa nesa ba kusa ba, wata aure, wata ciwo, ni kuwa ga ni da zancen ƙwarya. Har na ninke takardar na ajiye don kunya, na sake ɗaukowa. Amma don Allah ki taimake ni, domin abin alheri ne ya taso mana, ina ta murna har na kasa zama wuri ɗaya, kuma ina tsoron da hannuna na ɓata shi.

Ni a Karaye nake, kuma ba yarinya ba ce, na aurar da 'ya'ya. Karatun allo na yi a gaban mahaifina, Allah ya jiƙansa. Boko kuwa sai da girma ya zo na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa za ki ga rubutun nawa yana ɗingishi.

Daminar bara waccan shanu suka shiga gonakin gyaɗa a wajen Rogo Ruma, aka yi rigima har aka ji wa mutum ciwo. Manya sun zauna sun sasanta maza, amma mu mata babu wanda ya sasanta mu. Matan unguwarmu suka daina sayen nono a hannun matan ruga, wai gara garin madara. Su kuma in sun shigo kasuwa sai su wuce ƙofar gidajenmu kai a sunkuye, ko tallan nan nasu mai daɗi ba sa yi. Yara suka fara bin su da waƙar tsokana. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin alƙibla ɗaya muke kallo da su.

Muna da 'yar ƙungiya ta matan unguwa, ta taimakon juna in an yi haihuwa ko rasuwa. Na roƙe su mu buɗe aji a tsakar gidana ranar kasuwa, daga azahar zuwa la'asar, kyauta, duk macen da ta zo a karɓe ta, ta gari ce ko ta ruga. Maigidana Malam Shitu ya yarda. Wata ta kawo tabarma, wata alli, ni na fito da tsofaffin allunan gidanmu na wanke. Matan gari suka cika gida. Na ruga ko ɗaya ba ta leƙo ba, sai ranar da Allah ya kawo mana Saude.

Saude dattijuwa ce, doguwa, marar yawan magana, rugarsu tana kan hanyar Rogo. Ruwan alwala ta shigo nema, ta ji muna biya ƙananan surori, sai ta sauke ƙwaryarta ta zauna a bakin zaure har muka tashi. Kasuwa ta gaba ta dawo da surukanta da 'ya'yan 'yan uwanta. Da farko tabarma biyu ake shimfiɗawa, tsakaninsu fili kamar hanyar mota, ba mai kallon wata.

Waƙa ce ta haɗa tabarmin nan, Goggo, ba dabarata ba. Akwai Tasalla mai ƙosai, bakinta ba ya hutawa, kuma ita ce gwanar kiɗan ƙwarya a duk bikin unguwarmu. Da ta ga baƙaƙen boko sun ƙi zama a kan mata, sai ta fara rera su da muryar waƙar daka. Ni kuwa na dakatar da ita sai na tambayi Malam. Ya ce in mata ne zalla, babu batsa, ba a haɗa Alƙur'ani da kiɗa ba, kuma ana jin kiran la'asar a tsaya, shi bai ga laifi ba. To haka muke yi. Mu gama karatun addini, mu kai alluna ɗaki, sannan a fito da ƙore.

Wata rana Tasalla ta ba da baiti, kafin mu amsa sai muka ji murya daga ɗaya tabarmar. Saude ce ta amsa da Fillanci, da muryar da suke waƙa in suna kaɗa nono. Tun daga ranar waƙarmu ta zama rabi biyu, mu bayar da Hausa su amsa da Fillanci. Akwai baitin baƙaƙe, akwai na ruwan gishiri da sukari in yaro yana gudawa, akwai na haƙƙin maƙwabci, wannan ni na shirya shi. Yanzu matan ruga suna rubuta sunansu, matan gari suna gaisuwa da Fillanci ko da a karkace ne. Yaran da ke tsokanarsu da, su ne suke rera rabin Fillancin a bakin rijiya ba su ma san fassararsa ba. Tasalla kuwa kakarta Babarbariya ce, saboda haka ta ce akwai wasa tsakaninta da Saude, ba ta kiranta sai da baiwar kakata. Ita kuma Saude ta rufe baki da mayafi ta ce baiwar da ke shayar da uwargijiyarta nono kullum, sai a duba da kyau wace ce uwargijiyar. Ranar har da masu hawaye don dariya.

Ga babban abin murnar. Jami'ar da ke zagaya azuzuwan manya ta biyo ta wajenmu, ta zauna ta ji waƙar daga farko har ƙarshe, ta ce a maimaita mata. Ta ce bayan girbi za a yi taron yaye ɗalibai mata a Rogo, mata zalla, daga Falgore da Rogo Ruma da sauran ƙauyuka, kuma tana so mu ne za mu buɗe taron, ko wasu unguwannin sa ga abin su buɗe irin ajinmu. Har a-kori-kura ta ce za ta aiko ta kwashe mu. Goggo, mu da ko filin makarantar unguwa ba mu taɓa tsayawa ba! Tasalla ta rangaɗa guɗa har awaki suka watse. Ni kaina da ba na son hayaniya, na tsinci kaina ina dama kunu ina rera baitin maƙwabci, Malam yana kallona yana murmushi.

To a cikin wannan murnar na yi ɓarnar.

Ranar kasuwar da ta biyo baya Saude ta kawo mini man shanu, ta ce na barka da arziki ne. A cikin wata 'yar ƙwarya ta kawo shi, tsohuwa, ta yi duhu tana sheƙi, da zane a jikinta wanda ban taɓa ganin mai kyansa ba. Na juye man na yi godiya, na ajiye ƙwaryar a gefena. Da aka zo kiɗa, kin san yadda ake yi, a kifa babbar ƙwarya a bahon ruwa, a jera ƙanana a kan tsumma a riƙa bugu da 'yan sanduna. Sai aka nemi ƙaramar Tasalla aka rasa, ashe maƙwabciya ta are ta. Ni da bakina na juya na ce, Saude ara mana taki mana. Ta yi shiru tana kallon tabarma. Can ta ce to, a hankali. Ni na ɗauka irin kunyarta ce ta kullum, na ɗauka da hannuna na miƙa wa Tasalla.

Ƙarar ƙwaryar nan ta yi daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Matan gari suka tashi suna tafi. Na lura matan ruga ba su amsa baitinsu ba, sai na ce a raina daɗin kiɗan ne ya ɗauke musu hankali, na ma ce wa Tasalla ta ƙara ƙaimi. Ana cikin haka sai muka ji ƙas. Ta tsage daga baki har kusan gindi.

Na ba da haƙuri, Tasalla ta ce gobe za ta sayo wadda ta fi ta girma. Saude ta yi murmushi ta ce ba komai, Malama. Suka jira aka yi la'asar, suka yi mana sallama yadda suka saba, suka tafi. Sai da na zo naɗe tabarma na ga ƙwaryar a inda Saude ta zauna. Ba ta tafi da ita ba.

Ina da maƙwabciya Jamilatu, Bafulatana ce amma a gari take aure, ita ce mai yi mana tafinta in magana ta ƙi. Ranar ta tafi suna. Da ta dawo na nuna mata ƙwaryar, sai ta dafe ƙirji ta zauna a kan turmi. Ta ce wannan ba ƙwaryar talla ba ce, irin wadda uwa take ba 'yarta ce ranar da za ta tare, a cikinta ake fara tatsa, kuma ta Saude tun daga kakarta ta zo. Ta ce a gidajensu ba a kifa irinta a ƙasa, balle a doke ta da sanda kamar jaki. Ta ce ko fita da ita daga ruga ba a cika yi ba, don ta girmama ni ne ta zubo mini man a cikinta. Na ce to me ya hana ta ce a'a? Jamilatu ta dube ni ta ce, "Yaya, a gidanki, a gaban surukanta, ta ce wa malamarta a'a? Ai gara ƙwaryar ta fashe."

Tun daga nan babu macen ruga da ta sake zuwa aji. Amma ga abin da ya ɗaure mini kai. Kasuwar da ta wuce wata surukar Saude ta tsaya a zaure, ta ajiye ƙwarya cike da kindirmo, ta ce in ji Inna a gai da Malama, ta juya kafin in sa mayafi. Ban sani ba, Goggo, sulhu ne wannan ko sallama ce. Na kasa shan nonon, sai yara na ba.

Shawarwari sun yi mini yawa. Tasalla, wadda ita ma abin ya dame ta har ta rage surutu, ta ce ai mun iya rabin Fillancin, a raba mu biyu, wasu su yi kitson Fulani su sa saƙi su amsa, wa zai gane a Rogo? Ta kuma sayo sabuwar ƙwarya ƙatuwa ta ce in aika. Maikuɗi gyartai na kasuwarmu ya ce in kawo masa tsohuwar ya ɗinke ta yadda ko ruwa ba za ta zubar ba. Malam kuwa cewa ya yi in bar abin ya huce da kansa. Ni kuma na san da zarar shanu sun gama cin karan gonaki rugar za ta tashi ta yi kudu, sai damina. In suka tafi a haka, ina jin ba za su sake zama a tabarmata ba.

Ƙwaryar tana ɗakina na naɗe ta a farin ƙyalle, kullum sai na buɗe na duba. Ina so mu je Rogo, Allah ya sani ina so, har atamfar da zan ɗaura na fitar. Amma ba na so in je da haƙƙin baiwar Allah a wuyana. Me zan yi? Don Allah ki ba ni amsa da wuri, an riga an fara yankan dawa.

Taki,
'Yar Malam, Karaye.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'Yar Malam.

Ki daina ba da haƙuri a kan tsawon wasiƙa, na karanta ta har na karanta wa abokiyar aikina. Abin da kuka yi da tabarma da alli a tsakar gida, an sha tara manya a kira taro a kansa ba a samu rabinsa ba. Allah ya saka muku, ke da Tasalla da Saude. Ki riƙe murnarki, ba ta ƙare ba.

Kin yi kuskure, ba zan ce ba ki yi ba, amma ba na mugunta ba ne. A gidanki ƙwarya kayan aiki ce, a auna gero da ita da safe a kaɗa ta da yamma. Ba ki san akwai wadda ake gado ba. Inda zan ja kunnenki shi ne shirun nan. Kin ga dattijuwa ta sunkuyar da kai, kin ga mutanenta sun ƙi amsa waƙa, amma murna ta hana ki tsayawa. Ita ma Saude tana da nata kason, da ta ja ki gefe ta raɗa miki da ba a kai nan ba. Sai dai ke ce mai gida, ke ce malama, nauyin ya fi yawa a wajenki.

Dabarar Tasalla ki kashe ta tun yau. Taron da za a yi da matan Falgore da Rogo Ruma, kina tsammani ba za a sami wadda za ta gane kitson aro da Fillancin aro ba? Kafin ku sauka daga mota labari ya isa ruga, wai an fasa musu ƙwarya sannan an je ana kwaikwayonsu a bainar jama'a. Wannan ya fi tsagewar ƙwarya muni. Sabuwar da ta sayo kuma ku bar ta a aji a riƙa kiɗa da ita. In kin aika da ita, kin ce wa Saude ke nan abin kakarta da na kasuwa duk ɗaya ne. Maikuɗi gyartai kuwa ya dakata. Mai yiwuwa a ɗinke ta, ana yi, amma ba ke za ki yanke wannan ba. Kin taɓa ƙwaryar nan sau ɗaya ba da cikakken izini ba, kada ki ƙara.

Malam yana da gaskiya cewa ba a matsa wa mai fushi. Amma ki gaya masa cikin ladabi cewa shanu ba za su jira a huce ba, ki nemi izininsa ki je rugar da ƙafarki. Kada ki aika, kada kuma ki tare ta a kasuwa tana talla a gaban mutane. Ki zaɓi ranar da ba kasuwa, da hantsi bayan an gama tatsa. Ki tafi da Jamilatu ta nuna miki inda ake tsayawa a yi sallama da wanda ake fara gaisarwa. Ki tafi da Tasalla ma, tun da a hannunta ta fashe, amma ki ce mata ta ɗaure bakinta sai in Saude ce ta fara jan wasan. In ta fara, to ki saki Tasalla, aikin ya ƙare.

Ki miƙa mata ƙwaryar a cikin farin ƙyallen nan, da hannu biyu, inda surukanta ba sa gani. Ki faɗi abin da kika faɗa mini: ban sani ba, yanzu na sani, ki yafe mini. Kada ki tsawaita. Zancen Rogo kuwa kada ya fito daga bakinki a wannan zuwan, don kada ta ɗauka muryarta kika zo nema. In ta tambaya ki amsa. In ba ta tambaya ba, ki gaya wa jami'ar gaskiya. Ko dai ku je gaba ɗaya, ko ku je ku yi rabinku ku faɗa a fili cewa ɗaya rabin na 'yan uwanku ne kuma ba su samu zuwa ba. Taro ana sake yin wani baɗi. Ajin nan shi ne abin da ba na so ki rasa.

In Allah ya sa sun dawo, ki ware ɗan lokaci kowace kasuwa, kowane ɓangare ya gaya wa ɗaya abin da ba a yi a gidansu. Za ki sha mamakin abin da su ma suke yi muku ba su sani ba.

Kin tambaye ni nonon nan sulhu ne ko sallama. Ban san zuciyar Saude ba, amma na san mata. Wadda ta yanke hulɗa takan kwashe kayanta tsaf ta tafi, ko ludayi ba ta bari. Wannan ta bar miki ƙwaryar kakarta, ta kuma aiko miki da wata. Ita ba za ta iya cewa ki zo ba, kamar yadda ba ta iya cewa a'a ba. Kada ki sake yi wa shirunta gurguwar fahimta. Ƙwaryar kindirmon nan ai ba kyauta ta ba ki ba, mayarwa ake yi, kuma ke kin san ba a mayar da ita haka nan. Ki cika ta da sabon geron gonarku, ki rufe da faifai, ki ɗora a kanki ke da kanki.

Atamfar kuwa kada ki mayar da ita akwati tukuna. Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai ku Rogo a mota ɗaya, ya dawo da ku lafiya. Ki gaishe mini da Malam, da baiwar da uwargijiyarta, ko wace ce a cikinsu.

Goggo Adama.